Ina so in bar aikin dare in koma fita da karnukan mutane, amma uwargida ta ƙi

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekaruna 42, ina zaune a wani gari a arewacin Ingila da matata da 'ya'ya uku, kuma ina da takardar zama ta dindindin. Shekara tara ke nan ina aikin dare a wani babban rumbun ajiye kaya, dare huɗu a mako, abin da ke zuwa hannuna bayan an cire haraji fam 1,900 ne a wata. Bayana ya fara ciwo, barci ya lalace, yara ba sa ganina sai a kwance. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ciwon ƙafa ya hana ta fita, nakan fitar mata da karenta ranakun hutuna, har wasu mutum biyu suka ce in riƙa fita da nasu su biya ni. A nan fam 14 ake biya a kan kare ɗaya na awa guda. Ni ba na tsoron kare, a gidan mafarauta na tashi. Ina da ajiyar fam 6,000, ina so in ajiye aiki in kama wannan sana'a gadan-gadan. Uwargida ta ce ba da ita ba, najasa ce, kuma abin kunya ne a ji a cikin 'yan'uwa. Mahaifiyata da nake aika wa kuɗi duk wata ban ma faɗa mata ba. Ina neman shawara.

Wani magidanci, Ingila

Wa'alaikumus salam, Malam. Sannu da fama, Allah ya ƙara lafiya. Shekara tara ana kwana a tsaye ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda jikinsa ya fara ƙorafi yana da gaskiya in ya nemi mafita tun ciwon bai kwantar da shi ba. Sana'ar da ka hango kuwa sana'a ce ta gaske a ƙasar da kake, akwai masu ciyar da iyalinsu da ita. Amma shawarata ita ce kada ka miƙa takardar ajiye aiki a wannan watan ko na gaba. Ka fara ta a ranakun hutunka, ka ba ta wata shida, ka bar littafin lissafi ya faɗa maka ranar da za ka bar rumbun.

Abin da ya sa na ce haka shi ne, kasuwar nan ba ta ci sai da tsakar rana. Mai neman a fitar masa da kare galibi ma'aikaci ne da ya bar gida da safe ba zai dawo ba sai yamma, ga shi ƙungiyoyin kula da dabbobi irin su RSPCA suna gargaɗin kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu. Saboda haka kowa tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 2 yake so. Awa gudan da ake biyanka kuwa kusan awa biyu take cinyewa, don sai ka bi gida-gida ka ɗauko, ka kai fili, ka dawo ka goge wa kowanne ƙafa da ciki da tawul, ka duba ruwan shansa, ka kulle ƙofa. Zagaye biyu ne ke shiga cikin kwanciyar hankali, na uku sai da gudu-gudu. Yawan karnukan ma yana da iyaka. Ƙa'idar da RSPCA da Dogs Trust suka sa wa hannu don masu wannan sana'a ta ce kada a wuce huɗu a fita ɗaya, kuma ƙananan hukumomi da yawa sun sa doka a filayensu, wasu huɗu wasu shida, wanda ya saɓa a ci shi tarar da ta kai fam 100 nan take, in aka je kotu ta iya kaiwa fam 1,000.

To yanzu mu ɗauki farashin da ka ambata. Kare huɗu sau biyu a rana, takwas ke nan, fam 112. Kwana biyar fam 560. In ka cire mako shida na hutu da rashin lafiya da lokacin da masu karnukan ke tafiya da abinsu, mako 46 zai ba ka fam 25,760 a shekara. A ce mai da inshora da gyaran mota da kayan aiki sun ci fam 4,000, saura 21,760. Haraji kashi 20 ne a kan abin da ya haura fam 12,570, ga kuma kashi 6 na inshorar ƙasa a kan wannan rarar, sai ka tashi da wajen fam 1,600 a wata. Ka lura, wannan lissafin wanda littafinsa ya cika maƙil ne, kuma duk da haka bai kamo albashinka na yanzu ba, babu kuɗin hutu, babu na jinya, babu abin da kamfani ke zuba maka a fansho. Cika littafin kuma ba kare takwas yake nufi ba, don yawancin mutane kwana biyu ko uku suke ɗauka a mako. Gurbi 40 ne a mako, sai ka tara gidaje 14 zuwa 20 kafin su cika. Kai uku gare ka, ɗaya ma kyauta kake yi. Fam 6,000 ɗinka kuwa cefanen wata uku ne kacal. In ka ajiye aiki yau, ka saki reshe ka kama ganye.

Wannan bai rage wa sana'ar daraja ba. Masu samun abin kirki a cikinta suna cike safiya da yamma da wasu hidimomi: leƙa ɗan kwikwiyo na rabin awa, ba kyanwa abinci in masu gida sun yi tafiya, fita da kare shi kaɗai a farashi mafi tsada saboda ba ya shiri da 'yan'uwansa. Waɗannan duk a hankali suke zuwa, bayan an san ka.

Bari mu koma kan uwargida, don ita ce babbar maganar. Abu biyu ta faɗa, amma ina kyautata zaton akwai na uku da ba ta furta ba, wato kuɗin haya da abincin yara uku. Ka zaunar da ita ka nuna mata wannan lissafin da kanka, ka ce mata ba za ka bar aiki ba sai an kai adadi kaza, kuma ajiyar ba za a taɓa fiye da kaza ba. Mace in ta ga mijinta ya yi wa abu iyaka da bakinsa, rabin fargabarta ta tafi.

Maganar najasa kuma kada ka yi mata gardama da ka, domin tana da madogara. A mazhabar Malikiyya da aka tarbiyyantar da yawancinmu a kanta, duk mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa da guminsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki bin umarni ne, ba don yawun najasa ne ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin kare najasa ne, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Hanafiyya, waɗanda su ne suka fi yawa a masallatan arewacin Ingila, suna ganin yawun ne najasa. Fitsarinsa da kashinsa dai a mazhabobin nan huɗu ba wanda ya ce da tsarki, kuma kullum za ka kwashe kashin da leda, doka ce. Sannan akwai hadisin da ya yi gargaɗi kan ajiye kare in ba don farauta ko kiwo ko gadin gona ba, akwai kuma na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Tambayar da za ka kai wa malami, kai da ita tare, ka tsara ta daidai: kare ba naka ba ne, ba zai shiga gidanka ba, ba sayar da shi kake yi ba, ladan fita da shi da kula da shi ake biyanka, mene ne hukuncin wannan ladan? Ku nemi malamin da ku biyun kuka yarda da shi, wanda ya san zaman Turai. In ya ba da amsar da zuciyarka ba ta natsu da ita ba, gara ka ji tun ba ka sayi mota ba.

Ko da malami ya halatta, ƙyamar da take ji ba za ta gushe da fatawa ba, kuma haƙƙinta ne gidanta ya zama yadda take so. Ka yi mata alkawari uku ka cika: kare ba zai taka gidan ba, kayan aiki da takalmin roba suna da jakarsu da wurin ajiyarsu a waje kuma kai za ka wanke su, kujerun da yara ke zama a mota kare ba zai hau ba. Na farkon ma doka ta taimake ka, domin tun 2018 kwana da karnukan mutane a gida ko yini da su don kuɗi sai da lasisin ƙaramar hukuma a Ingila, alhali fita da su kawai ba ya buƙatar wannan lasisin. Ka sa jallabiya mai tsabta a leda a mota saboda Azahar. Ranar Juma'a kuwa sallah tana faɗowa daidai lokacin da kasuwa ta fi ci, don haka tun ranar farko ka faɗa wa kowa cewa zagayen Juma'a da wuri kake yinsa, ka gama kafin 12. Zai rage maka ɗan abu, amma in ka tsara shi tun farko ba wanda zai ga baƙon abu.

Surutun 'yan'uwa ba na ce ba zai zo ba, zai zo, kuma ita zai fi samu a wajen biki da suna. Wannan ma ka ji tausayinta a kai. Sai dai masu surutun ba su ne za su yi jinyar bayanka ba. Hajiya mahaifiyarka kuwa abin da ya shafe ta kai tsaye shi ne kada aikenta ya yanke, saboda haka ka ware kuɗin wata shida nata daga ajiyar ka ajiye gefe. Ba sai ka tayar mata da hankali a lokacin gwaji ba, amma ranar da ka yanke shawarar barin aiki ta ji daga bakinka, kada ta tsinta a bakin wani. Matar da ta zauna a gidan mafarauta ta san kare ba baƙon abu ba ne, mai yiwuwa ta fi ka saurin fahimta.

Yadda za ka fara kuwa, ka duba takardar kwantiraginka ko ta hana yin wani aiki a gefe. Sannan ka sani tun watan Afrilun 2024 kowane ma'aikaci yana da damar rubuta wa kamfani buƙatar sauya tsarin aikinsa, sau biyu a shekara, su kuma su ba da amsa cikin wata biyu. Suna iya ƙi da dalili, amma ka nema: dare uku maimakon huɗu, ko a mayar da kai rana. Abin da ba zan so ba shi ne ka sauka daga aikin dare ka ɗauki karnuka huɗu a mota da tsakar rana ido na lumshewa. Ranakun da ka yi barci sosai su ne na karnuka. Kuma ka ga likita a kan bayan nan kafin komai, don kare mai kilo 30 in ya fizgi igiya ba ya tambayar lafiyar ƙugu, ga tafiyar awa huɗu a taɓo da sanyi, a watan Disamba rana ta faɗi kafin ƙarfe 4.

Kafin ka karɓi ko fam ɗaya a hannun mutanen nan biyu, ka yi inshorar masu wannan sana'a. Ka tabbata ta ƙunshi abu uku: ɓarnar da kare zai yi wa wani ko dukiyarsa, rauni ko ɓatan karen da ke hannunka, da ɓatan makullin gidan mutane. Ka karanta adadin karnukan da ta yarda da shi da sharaɗinta kan sakin igiya. Inshorar motarka ma ka kira su a mayar da ita ta kasuwanci, in ba haka ba ranar hatsari su ce ba su san zancen ba. Nauyin ba wasa ba ne: dokar karnuka masu haɗari ta 1991 tana kama wanda kare yake hannunsa a lokacin, ba mai shi kaɗai ba, in ya raunata mutum hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5, in ya kashe 14. Nau'in XL Bully, wanda tun Fabrairun 2024 ba a riƙe shi sai da takardar izini kuma ba ya fita sai da takunkumi da igiya, ka bar shi ga waɗanda suka daɗe a sana'ar. Ka nemi takardar DBS ta shaidar rashin laifi, don makullin gida za a ba ka, kuma ka sa riga mai sunan sana'arka da lambar waya, saboda maƙwabcin da ya ga baƙon mutum yana buɗe ƙofar da ba tasa ba ya san abin da ya kawo ka. Haraji kuma, da zarar abin da ka karɓa a shekarar haraji ya haura fam 1,000 sai ka yi rajista da HMRC, hukumar harajin ƙasar, kafin 5 ga Oktoba mai bin ƙarshen shekarar. Tunda albashi ya riga ya cinye rangwamenka, wato fam 12,570 ɗin nan da ba a cire wa haraji, ka riƙa ware kwata na duk abin da ya shigo a wani asusu dabam. Masu karatu da ke kan bizar ɗalibi ko bizar da kamfani ya ɗauki nauyi, wannan hanyar ba taku ba ce, sharaɗin takardunku dabam ne da na Malam.

Tashinka a gidan mafarauta ya cire maka tsoro, wannan riba ce. Amma karen farauta da tsawa da sanda ya saba, waɗannan kuwa a kan kujera suke kwana, masu su kamar 'ya'ya suka ɗauke su. Duka ko fizgar wuya yana iya zama laifi a dokar jin daɗin dabbobi ta 2006, kuma hoton bidiyo ɗaya a zauren Facebook na unguwa ya isa ya rufe maka kasuwa. Da ɗan abin tauna da yabo ake sarrafa su. Ka yi kwas ɗin taimakon gaggawa na karnuka, yini ɗaya ne, ka kuma ba da kanka aikin sa kai a gidan karnuka marasa masu ko a Cinnamon Trust, masu fitar wa tsofaffi da marasa lafiya da karnukansu. A nan za ka koyi karanta jiki: kare mai yawan lasar leɓe, ko hamma ba barci ba, ko kau da kai yana nuna farin ido, ko ya sandare wuri ɗaya, cewa yake a ba shi wuri. Kaɗa wutsiya ba kullum ne murna ba. In faɗa ya ɓarke kada ka sa hannu kusa da baki ko wuya. Karnukan Birtaniya ba su da ciwon hauka irin wanda muka sani a gida, amma cizo yana ruruwa, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa a je asibiti.

Kowane sabon kare ka fara zuwa gidansu ka gan shi a gaban mai shi, da takardar da zai cike ya sa hannu: likitan dabbobinsa, rigakafinsa, ko an fiɗiye shi, abin da ba ya ci, ko ya taɓa cizo, yadda yake da yara da kekuna da tumaki, izinin sakinsa daga igiya, izinin kai shi asibiti da wanda zai biya. A ciki ka rubuta cewa wanda ya soke fita ba tare da sanarwar awa 24 ba zai biya, kuma kuɗin wata a farkonsa ake bayarwa. Fita biyu ko uku na farko shi kaɗai, sannan ka haɗa shi da mai sanyin hali guda ɗaya. Kada ka sake shi sai ka gwada kiransa da doguwar igiya mai mita 5 zuwa 10, a ɗaure a ɗamarar ƙirji ba a wuya ba. Igiyar nan mai naɗe kanta ba ta aikin rukuni ba ce, tana harɗewa tana yanka hannu. Karya mai neman barbara ba ta shiga rukuni. Wurin da kare ya fi kuɓucewa shi ne bakin ƙofar gida da bakin mota, don haka igiya ta shiga kafin keji ya buɗe, ɗaya bayan ɗaya. Doka ta ce ya fita da abin wuya mai suna da adireshin mai shi, kai kuma ka ƙara naka mai lambar wayarka. Makulli lamba za ka sa masa, kada ka rubuta adireshi a jiki. Cakulan da inabi da zabibi da albasa guba ne a gare su, ka sa ido a kan abin da suke tsinta.

Zafi ma yana kashe su, ko da kai ɗan Sahel kana ganin ba zafi ba ne. Kare da haki yake huce jikinsa, masu gajeren hanci irin pug da bulldog kuwa hakin ba ya isar su. A Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba ka iya daƙiƙa biyar ba, tafin ƙafarsu ma ba zai iya ba. Irin wannan rana a mayar da fita sassafe ko a koma leƙawa a gida, kuma ka sa wannan a yarjejeniya don kada ranar ta tafi ba kuɗi. Wanda ya fara tangaɗi yana dalala, a kai shi inuwa a zuba masa ruwan sanyi tukuna, sannan a nufi likita. A mota kuwa ba a barinsu ko na minti kaɗan in rana ta fito.

Kada ka sayi motar kaya yanzu. Ka fara da gidajen da ƙafa ke kaiwa, kare ɗaya ko biyu, don mai da cunkoso su ne ke cinye ribar wanda ya baza kansa gari guda. Igiyoyi masu ƙarfi, tawul, ledoji, gorar ruwa da kwano, akwatin taimakon gaggawa, rigar ruwa da takalmi mai kyau sun ishe ka. Tsohuwar nan maƙwabciyarka ita ce babban jarinka: ka roƙe ta ta rubuta maka shaida, ita da mutanen biyu. Ka ajiye kati a asibitin dabbobi da shagon masu yi musu aski, ka sa sanarwa a manhajar maƙwabta ta Nextdoor da zauren unguwa. Manhajoji irin su Rover suna kawo mutane da farko, amma suna cire kasonsu a kowace fita. Hoto ɗaya da layi biyu da za ka aika wa mai kare bayan kowace fita ya fi kowace talla riƙe maka shi.

Ranar barin rumbun ku rubuta sharaɗinta kai da uwargida tun yanzu: ranakun gwajinka sun cika wata uku a jere, akwai mutanen da ke jiran gurbi a sauran ranakun da za su kai ka aƙalla gurbi 30 a mako, kuma ajiyar ta kai cefanen wata shida bayan an ware na Hajiya. In wata shida suka cika ba a kai nan ba, ko bayan ya ƙi, ko malami ya ce a'a, aikin daren dai kada ka ci gaba da shi a haka. Ka nemi na rana a rumbun ko wani wuri, ko rabin aiki da safe karnuka da tsakar rana in sun halatta, wanda mutane da dama suka zauna a kansa shekaru suna samun albashi tabbatacce da kuma iskar waje. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, a gaida uwargida da yara.